Garkar saukar baƙi a bakin tabkin Gidimuni: kifi ya yi, makewayi sai haƙuri

Masu yawan tambaya wai ko akwai wurin kwana a Gidimuni in mutum ya kwashi iyali ya je shan iska, to akwai, amma tun yanzu in gaya muku ba otel ba ne, kar wani ya tafi da tunanin zai tarar da klimatizer da talabijin ya dawo yana zagina. Wani dattijo ne mai garka a wani ɗan ƙauye gefen tabkin, ya gina ɗaki biyu na ƙasa da rumfar zana a tsakiyar dabinai, yana sauke baƙi, maiɗakinsa na dafa musu abinci, ƴaƴansa na zagayawa da su. Babu allo babu suna, ni ma ba zan saka sunansa ko lambarsa a nan ba tunda ban nemi izininsa ba, amma in ka sauka bakin gudron ka ce wa ƴan kabu-kabu su kai ka garkar da ake sauke baƙi sun gane. A taƙaice dai abinci ya yi, inuwa ta yi, hira da mai wurin ta fi komai, makewayi da maganar kuɗi kuwa akwai gyara sosai.

Hanya ba ta da wuya. Daga nan Damagaram kusan kilomita 70 ne gabas, kan babbar hanyar RN1 wadda ta miƙe Gure har Diffa, ka wuce Mirya ka wuce Hamdara sai ga ka. Mu hiyas muka shiga, kun dai san halin hiyas, ba ta tashi sai ta cika ta batse, buhuna da awaki a sama, aparanti na rataye a ƙofa yana ƙwala wa wani fasinja kira alhali ko jariri babu inda za a sa. Zaman jira a tasha ya fi tafiyar kanta tsawo, don haka mai son isa da sanyin safiya ya fito daga sallar asuba ya wuce tasha kai tsaye. Kar a manta katin ɗan ƙasa, akwai shingen jami'an tsaro kuma hanyar Diffa ce, ba a wasa da takarda. Mai moto ko motar kansa shi ya fi kowa morewa, tunda aka sauke litar esans zuwa sefa 499 a 2024 zuwa da dawowa ba zai karya mutum ba, in dai an samu man a gidan mai. In ka daidaita dawowarka da Lahadi sai ka tsaya kasuwar Mirya ka sayo wa uwargida tulu ko randa, ba sai na yi wa kowa tallar tukwanen Mirya ba. Inda wuyar take daga gudron zuwa garkar ne, rairayi ne zalla, ƙaramar mota kafewa za ta yi, sai kabu-kabu ko amalanken shanu. Yara amalanken suka zaɓa, ni kuwa ƙuguna bai gode musu ba.

Abin da zai fara kama ɗan Damagaram a wurin nan ruwa ne. Mu da muka tashi a garin da ke zaune kan dutse, ruwan da muke sha ma turo mana shi ake daga nesa, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram, in bazara ta yi kuwa kowa ya san yadda ake kwana bakin famfo da jerin bido ana jiran ya kawo cikin dare, ga-ruwa ya zama sarki sai yadda ya ce, to sai ga ka tsaye gaban ruwa shimfiɗe iya ganinka, shanu na sha, mata na wanki, ba layi ba faɗa ba mai cewa ni na riga ki. Tabkin ya haura hekta 300, kuma tun 2019 aka saka shi cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, tare da na Madarunfa a jihar Maraɗi. Cikin garkar ma rijiyar ba ta da zurfi ko kaɗan, ƴar gajeriyar igiya ce a jikin gugan. Autata ta tsaya ta yi shiru can ta ce Baba wa ya bar famfo a buɗe har ruwa ya taru haka.

Ɗakunan ba abin dogon bayani. Ginin ƙasa, daɓen siminti, ƙofar langa-langa, ƴar taga ɗaya. An shimfiɗa tabarma an ɗora katifa, ga gidan sauro, ga buta da sallaya, ga ƙwai ɗaya na lantarki da panon hasken rana ke ba wuta, a nan kuma za ka yi sharjin waya in ka yi haƙuri don wurin sakawa ɗaya ne kuma ƴan gidan ma da shi suke. Tsaf muka tarar da ɗakin, an share an yi turaren wuta, wannan na yaba. Da rana akwai sanyi mai daɗi, da dare kuwa in lokacin ɗari ne bargon da suke bayarwa bai isa ba, iskar da ke tasowa daga kan ruwa ba irin ta cikin gari ba ce, har ƙashi take shiga. Amma gaskiya ɗakin na barci ne kawai, rayuwar wurin duk a rumfa take, can ake ci, can ake shayi, can ake hira har dare.

To abinci. A nan ne Inna, matar mai garkar, ta gama da mu. Da safe kunun tsamiya da ƙosai mai zafi, wanda bai ƙoshi ba a ƙara masa dafaffen rogo da ƙuli-ƙuli da yaji, rogon kuma a gabanmu aka tono shi, gari gare shi yana fashewa tun cikin tukunya. Da hantsi ga fura da nonon da Fulani suka kawo da safen nan, ba nonon gari da aka dama da ruwa aka bari ya kwana ba, har man yana tasowa a kai. Ta yi mana kwaɗon zogale da tumatir da albasa duk daga fangalin bayan rumfa, ta yi dambu, da dare tuwon hatsi miyar ɗanyar kuɓewa. Babu wani abu cikin waɗannan da ba mu ci a gida, bambancin shi ne tsakanin tsinkowa da sakawa a baki babu kwana, ba a biya kuɗin mota ba, ba a shanya shi a rana a kasuwar Dole ana yayyafa masa ruwa don ya yi kama da sabo ba.

Kifin kuwa shi ne dalilin da zai sa in ce ku je. Da sassafe masunta suke fitowa, ɗan mai garkar ya je bakin ruwa ya zaɓo, yawanci karfasa ce da tarwaɗa. Karfasar Inna ta tsattsaga ta ta cusa mata tafarnuwa da citta da barkono ta soya har ƙayar gefe ta zama abin ci, fatar na ƙaras-ƙaras cikin kuma fari fat yana tururi, ta kawo da yankakkiyar albasa da lemun tsami da garin rogo. Tarwaɗar kuma farfesu aka yi, romo ja mai yaji wanda zai sa ka share hanci ba kunya. Na ci kifi a wuraren cin abinci na cikin gari masu tebur da cokali mai yatsu da tsada, wanda aka ciro daga firiji bayan Allah kaɗai ya san yaushe aka kama shi, wallahi ko kusa. Ƙorafina ɗaya a nan, mai ya yi yawa a komai, ita Inna a wurinta karrama baƙo ke nan ta zuba mai har ya kwanta a ƙasan kwano, don haka mai hawan jini ko wanda likita ya hana ya faɗa mata tun kafin ta ɗora tukunya, ba ta jin haushi. Sannan ba ta sauri, in an ce abincin rana to ka sa a ranka bayan azahar ne sosai, masu ƙananan yara su riƙe biskit ko su roƙi rake a ba yaran su rage zafi.

Zagayen garka da Baba, dattijon mai wurin, shi ne abin da ba sa sakawa cikin lissafi amma a wurina ya fi ɗakin daraja. Mutumin ya san kowane icen dabino a wurin, wanda mahaifinsa ya dasa, wanda ya fito da kansa daga ƙwallo, wane ne namiji wace ce mace, ya nuna mana yadda yaronsa ke hawa da furen namiji ya ɗaura a jikin na mace don ta yi ƴaƴa da kyau. Dabinon wannan yanki namu na gabas yana da wata baiwa da na Sahara ba shi da ita, sau biyu yake fure a shekara, a samu ɗaya da rani a samu babban a bakin damina. Sai dai baiwar da ciwon kanta take zuwa, don babban girbin yana haɗuwa da ruwan sama da laima, ba ya samun bushewa a kan uwarsa, dole a ci shi ɗanye ko a sayar da gaggawa bakin hanya kafin ya lalace. Shi ya sa in azumi ya zo za ka ga kasuwa cike da busasshen dabinon Aljeriya da na Kawar, namu na kusa da gida kuwa ya riga ya wuce da araha tun tuni. Na ce Baba ba a samu wata dabarar busar da shi ba? Ya ce ɗana ana ta zuwa ana rubutawa a takarda, mu dai har yanzu tabarma da rana muka sani, ranar kuwa da damina ba ta da alkawari.

Ƙarƙashin dabinan ga rake, ga rogo, ga dankali, ga fangalin albasa da shu, wato kabeji, da salati da tumatir, gefe guda mangwaro da gwaiba da lemun tsami. Jihar Damagaram dama ita ce gidan rake a Nijar, duk wannan yanki na Korama inda ruwa ke kusa da ƙasa, raken da kuke gani ana turawa a baro cikin gari da sanyi daga irin waɗannan wurare yake. Baba ya yi mana lissafin rayuwarsu dalla-dalla ba tare da an tambaye shi ba. Gonar tudu ta hatsi da wake ce, ruwan wata uku zuwa huɗu ne, in shekara ta yi kyau rumbu ya kai su wani wuri, in ba ta yi ba tun kafin bazara an share ƙasansa, to garka ce ke ɗauke da gidan sauran watannin, ita ce cefane, ita ce kuɗin magani, ita ce auren ƴa. Wanda ba shi da garka a ƙauyen shi ne talaka na gaske ko da gonarsa ta kai ina, sai dai ya yi ƙwadago a ta wani. A tudun kuma za ka ga gawo birjik cikin gonaki, wannan aikin sassaben zamani ne da manoma suka kama tun shekarun 1980, a bar ƴan tsiron da suka fito a gyara su maimakon a sare, har ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a ƙasar nan, yawanci tsakanin Maraɗi da nan. Gawo dai kun sani, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, ga taki ga abincin dabba.

Inda zancen ya yi ɗaci shi ne sayarwa. Kowa lokaci ɗaya yake shuka kuma lokaci ɗaya komai ke nuna, sai tumatir da shu su cika bakin gudron, babu wurin ajiya mai sanyi, babu mai sarrafawa, dillali ya zo da kamiyo daga gari ya faɗi kuɗin da ya ga dama yana kaɗa makulli, in ka ƙi gobe kayanka ruɓewa za su yi kuma shi ya sani. Rake ma wani lokaci a tsaye ake sayar da shi tun bai isa sara ba, saboda matsuwa ta zo, yaro ba lafiya ko taki ya ƙare ko injin ban ruwa ya lalace, mai kuɗi ya biya rabin daraja ya dawo bayan wata biyu ya kwashe. Shi Baba ya samu ya haɗa pano da ɗan famfo mai aiki da rana, ya ce tun daga nan ya huta da sayen esans na injin, amma kuɗin sayen farkon ne ba kowa ke da shi ba, shi ma sai da ya sayar da sa.

Ga kuma maganar naira wadda ta taɓa kowane gida a ƙauyen. Da, saurayi in an gama girbi sai ya ɗauki jaka ya tafi biɗa, Kano ko Legas ko Fatakwal, ya yi ga-ruwa ko shayi ko gadi ya dawo bakin damina da ɗan abin sayen hatsi da tufafin Sallah. A 2014 jikka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ba ta wuce naira 350 ba, a 2024 ta haura naira 2,500. To ka lissafa, yaro ya sha rana wata biyar ya tara naira, ya zo canji ta narke a hannunsa. Ga rufe iyaka da Najeriya da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 wanda ya ɗauki watanni, ga cire tallafin mai da Najeriya ta yi a shekarar wanda ya kashe arahar man bakin hanya. Shi ya sa yanzu hankalin samari ya fi karkata arewa, Libiya da Aljeriya da wuraren haƙar zinariya, hanyar da kowa a jihar nan ya san abin da take ci, ba a manta da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya a 2013 ba, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Ɗan Baba na biyu yana can arewa, Inna ba ta son a tayar da zancen. Babban ne ya tsaya, kuma shi ne ya kawo shawarar gina ɗakunan nan, wai ko a samu abin da zai riƙe shi a gida.

Bakin tabki da yamma akwai kallo. Belbela, zalɓe, kirinjijiya, da wasu ƙananan tsuntsaye masu dogon baki da ke zuwa da sanyi daga Turai su koma in zafi ya taso, masunta na gyaran raga, garken shanu na gangarowa da ƙura a bayansu. Amma wanda ya buɗe ido zai ga ciwon wurin, kacalla ta cinye gefe mai yawa, tana tare ruwa tana hana jefa raga tana ba tsuntsaye masu cin hatsi mafaka, ta wancan ɓangaren kuma tudun rairayi ne ke matsowa a hankali. Suna yankan kacallar su yi zana da rufi amma yankan hannu ba ya cim mata. Shawara ta gaskiya, kar ku bar yara su shiga ruwan wanka komai kukan da za su yi, ruwan kwance ne kuma tsargiya ba wasa ba ce, ƴan garin za su ce maka ba komai tunda su a ciki suka girma. Nan ma na ga gazawar masu masaukin, ya kamata su riƙa faɗa wa baƙo wannan da kansu.

Yanzu makewayi. Jama'a abin ba daɗi. Rami ne aka zagaye da tsohuwar zana a can ƙarshen garka, babu ƙofa sai wani buhu da aka rataya, babu murfi, ƙudaje da rana kyankyasai da dare, kuma a nan gefe ake so ka yi wanka kan wasu duwatsu biyu. Namiji zai daure, amma mace baƙuwa da ba ta saba ba, zanar da ake hango mutum ta cikinta, uwargida sai da ta sa na tsaya mata gadi. Abin da ya fi damuna ma ba ƙyama ba ne, wuri ne da ruwa ke kusa da ƙasa sosai, rami irin wannan da rijiyar da ake sha bai kamata su yi maƙwabtaka ba. Na faɗa wa babban ɗan, ya ce suna da niyya in an sayar da rake. Buhun siminti kaɗan ne da bulo da ƙofa da murfi, wanda ya iya gina ɗaki biyu ya sayi pano ba wannan ne zai gagare shi ba, kawai dai ba su ɗauke shi abu mai muhimmanci ba ne, kuma shi ne abu na farko da zai hana matan gari dawowa. Mu ruwan leda muka riƙa sha wanda muka taho da shi.

Na biyu maganar kuɗi. Tun da muka sauka na ce Baba nawa ne ɗaki nawa ne abinci, ya ce haba ɗana, baƙo ai ba a ciniki da shi, ka sauka tukuna, abin da Allah ya hore maka. Magana mai daɗin ji, amma ranar tafiya sai ga yaron ya zo da ƴar takarda, ɗaki jikka 3 kowane dare, wannan ba laifi, abinci kaza, kifi daban, itacen girki daban, shayi daban, sharjin waya dala ashirin-ashirin, har amalanken da muka ɗauka kyauta ce ashe tana ciki. In aka haɗa duka ba tsada ba ne, ko kusa da kuɗin otel na cikin gari bai kai ba, kuma da an ce min haka tun farko da hannu biyu zan biya. Abin da ba daɗi shi ne uba ya ce kyauta ɗa ya kawo lissafi, kai kuma kana tsaye gaban iyalinka kana laluben aljihu ba ka san ko abin da ka riƙo zai kai ba. Kunya ce irin tamu ta hana dattijon faɗin farashi, na gane, amma in an shiga sana'a sai a rubuta a allo a rataya a rumfa kowa ya huta. Don haka in kun je ku ja yaron gefe tun ranar farko ku yi magana ƙarara, kar ku tambayi Baba, ba zai faɗa ba.

Sauran ƙananan abubuwa: sauro akwai shi na gaske daga magariba, ɗaya daga gidajen sauron kuma ya huje sai da muka ɗaure da zare. Rezo yana zuwa yana tafiya, a kan tudu ya fi kamawa, kira dai ana yi amma intanet sai addu'a. Ledoji sun fara taruwa a bayan rumfa, kuma baƙi irinmu ne ke kawo su.

Yaron ya tambaye ni wai yaya za a yi Nasara su riƙa zuwa, don wani ya gaya masa in aka sa wurin a intanet za su zo da kuɗin waje. Na ce masa ya cire wannan daga ransa a yanzu. Masu yawon buɗe ido da suke zuwa Damagaram da can su ga Birni da fadar Sarki su wuce Agadas sun ɗauke ƙafa tun shekaru, ƙasashensu na hana su, wanda ya zo ma ba ya fita wajen Yamai sai da rakiyar sojoji, wa zai kawo ayarin soja cin karfasa a garka? Kasuwarsa tana nan kusa da shi bai gani ba. Ƙidayar 2012 ta ba birnin Damagaram mutum sama da 300,000, yau kuwa sun fi haka nesa, kuma ka tambayi kanka ina magidanci zai kai iyalinsa ranar Asabar ko kashegarin hawan Sallah su ga ruwa da kore su ci abinci mai kyau su dawo kafin dare? Kusan babu. Ga malaman lakwal, ga ma'aikatan matatar mai ta SORAZ, ga ɗaliban jami'ar André Salifou masu karatun ƙasa da noma da ke buƙatar wurin sauka in sun fito bincike, ga amare da angwaye, ga direbobi da fasinjan Gure da Diffa da ke wucewa ta bakin ƙofarsu kullum da yunwa. Waɗannan ba sa neman wurin ninƙaya ko abincin Turawa, makewayi mai ƙofa suke so da farashi a rubuce da kwandon shara, sai ƴar alama a bakin gudron. Ko kwana ba sai an yi ba, a sayar da wuni kawai, tabarma a inuwa da kifi da fura da zagayen garka, mutum ya tafi da damin rake da kwandon tumatir da ya saya kai tsaye daga hannun mai shuka ba dillali a tsakani, kuɗin nan ya fi na ɗaki yawa kuma maƙwabta ma za su ci.

Sai dai mu ma masu zuwa akwai namu. Na ga wasu samari ƴan gari da suka zo wuni da lasifika suna kiɗa har lokacin sallah, suna ɗaukar matan da ke wanki hoto da waya ba sallama ba izini don su watsa a TikTok, suna raba wa yara dala biyar-biyar har yaran suka koyi bin baƙo da miƙa hannu. Ƙauye ne na mutane masu mutunci, Hausawa da Barebari da Fulani zaune tare, in aka ci gaba da haka mai gari zai ce a rufe kuma da gaskiyarsa. Ka je ka gaida shi in ka isa, ko goro ka kai, ka sa tufafin kirki, ka tambaya kafin ka ɗaga waya.

Lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, garka ta yi kore, rake ya nuna, tsuntsaye sun zo, sauro ya ɗan ragu. Mai son ɗanyen dabino kuwa sai bakin damina, amma ya shirya wa zafi da sauro. Ku riƙo bargo, maganin sauro, tocila, sabulu, ruwan sha, da canji ƙanana don ba mai canza maka jikka 10 a wurin. Ranar dawowa kuma kar ku yarda la'asar ta same ku a garka, motocin da ke fitowa daga Gure da yamma a cike suke isowa, in ba ku fito bakin gudron da wuri ba sai dai ku rarrabu mota biyu ko ku hau bayan kamiyon rake.